Yadda aka lissafa miliyar 76 a fadarmu ta Zango

Yaya, bayan gaisuwa da tambayar iyali. Ranar da muka yi waya ka tsokane ni, ka ce ashe mutanen Nijar da nake yabo su ma suna cin kuɗin gwamnati, kuma me ya sa ba a jin hayaniyarsu kamar yadda ake jin tamu? Kuɗin wayar ya ƙare kafin in ba ka amsa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ana ci mana. Wadda ta fi girgiza mutane tun zuwana Damagaram ita ce ta ma'aikatar tsaro. A farkon 2020 binciken da aka yi a cikin ma'aikatar ya fito fili, aka ce ƙasa ta yi asarar kusan miliyar 76 na sefa wajen sayen kayan yaƙi. Miliyar ita ce biliyan a bakin mutanen nan. Hanyar cin ba baƙuwa ba ce gare ka: a ninka farashin kaya a takarda, ko a biya kuɗi kayan ba su zo ba. Har da jirage masu saukar ungulu a ciki. Za ka ce ai Dasuki ne da dala biliyan 2.1, an canza masa hula kawai. Kusan haka ne.

Amma dubi lokacin da maganar ta fito. A watan Disamban 2019 an kashe sojoji 71 a Inates, a yankin Tillaberi. Wata guda bayan nan, a Janairun 2020, aka kashe 89 a Shinagodar. Ba a gama karɓar gaisuwa ba sai ga wannan labari. Shi ya sa ba a yi masa dariya ba, irin wadda muka sha a 2018 da aka ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin JAMB na Makurɗi. Mu a Kano in abu ya fi ƙarfinmu sai mu mayar da shi barkwanci. Nan kuwa wannan karon fuska ta ɗaure.

Ina zaune a fada daren da rediyo ya karanta adadin. Fada a nan ba gidan sarki kaɗai ba ne, majalisar shan shayi ce ta ƙofar gida, kowace da sunanta da mai dafa mata. Tamu a Zango take, gaban shagon wani tela. Aka ce miliyar 76, kowa ya yi shiru, don ba wanda ya taɓa riƙe abin da ya kama hanyarta. Ka san lissafin nan daban yake: sefa 5 dala ɗaya ce, sefa 1,000 jika ɗaya. Sai wani tsohon malamin lakol, wato makarantar boko, ya karɓi alkalami, ya juya kwalin sukari, ya soke sifili uku, ya ce, "Jika miliyan saba'in da shida ke nan." A nan ne mutane suka fara salati. Mai dafa shayin, yaro ne ɗan kabu-kabu, wansa soja ne a yankin Tillaberi, ya bar butar a kan gawayi har ta zube, bai ce uffan ba. Telan ne ya sauke ta.

Daga jika aka koma jarka. Kada ka yi mamaki, a garin nan duk wata doguwar magana a kan ruwa take ƙarewa. Ƙishirwar Damagaram tsohuwa ce, tana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Har yau in bazara ta kama za ka ga jarkoki masu ruwan ɗorawa a jere gaban famfo tun kafin asuba, 'yan garuwa kuma su zama sarakai. To malamin nan ya dinga raba kuɗin yana cewa rijiyoyin burtsatse nawa ke nan, bututu mai tsawon ina zuwa ina. Wani ya ƙara da cewa ga matatar mai ta SORAZ a bayan gari tun 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, amma matarsa da tsakar dare take tashi taran ruwa.

Abin da na lura, kuma nan ne nake ganin sun ɗara mu, shi ne ba na yawan jin "kuɗin gwamnati" a bakinsu idan rai ya ɓaci. Cewa suke "lamponmu ne". Lampo shi ne haraji, kalmar Faransa ce ta zauna. Tsofaffi suna tuna zamanin da mai gari ke bi gida gida yana karɓa, wanda ba shi da shi ya sayar da akuya. Ni ma mai tikiti ba ya tsallake rumfata a Kasuwar Dole. Wanda ya ciro da hannunsa ya bayar, da wuya ka shawo kansa cewa kuɗin ba su da mai su.

Batun hayaniya kuwa, an yi, kai ne ba ka ji ba, don jaridunsu da Faransanci suke fitowa. Ranar 15 ga Maris 2020 ƙungiyoyin farar hula sun fito a Yamai duk da an hana taro saboda korona. Aka harba barkonon tsohuwa, wuta ta tashi a kasuwar Tagabati, mutum uku suka rasu, aka tsare wasu jagororin na tsawon watanni. Daga baya adadin da hukuma ke ambata ya yi ta raguwa. A lokacin suna da HALCIA, tamkar EFCC ɗinmu, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma sojoji suka kafa wata mai suna COLDEFF. Sunaye dai ba a rasa ba, can da nan.

Ka kuma tambaya mu Kanawan da ke nan wane ɓangare muke. Yaya, baƙo ko ya shekara ashirin, ko ya aurar da 'ya a gari, ya san iyakar tabarmarsa. Muna biyan lampo, muna zuwa jana'iza, ana ba mu kofin farko a fada. Amma in zance ya kai ga kiran sunan minista, mu namu sauraro ne. In na yi kuskuren sa baki, akwai mai jira ya ce, "Alhaji, ku fara gano macijinku tukuna." Sau ɗaya aka faɗa mini, kuma telan ne ya faɗa, yana miƙo mini shayi.

Ka gaishe da Inna. Kilishin da ta ce yana hannun direban da zai biyo ta Matamai da Daura ranar Alhamis.