Tambaya da Amsa: Zan Sauya Kwamfuta, In Tsaya a Windows ko In Koma Linux?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da zanen katunan gayyata, kuma kwamfutar tebur da nake aiki da ita tana kan Windows 10, ta kuma tsufa har tana ɓata mini lokaci a gaban masu kawo aiki. Ina shirin sayen wata, amma wani abokina ya ba ni shawarar in koma Linux, domin a cewarsa kyauta ce kuma bairos ba ya damun ta. Wanne ya fi dacewa da ni, kuma yaya zan kwashe ayyukana ba tare da asara ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Niyyarka ta zo a kan gaɓa, domin kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 tallafin da ya saba tun ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma kafofin da masu kutse ke ganowa ba za a riƙa toshe su kamar da ba, kuma wannan haɗari ne ga shagon da kowa ke zuwa da filashinsa.

Abokinka bai faɗi ƙarya ba. Ubuntu da Linux Mint, waɗanda nau'o'in Linux ne, kyauta ne, suna tafiya lafiya a kan tsofaffin injuna, kuma Ubuntu 24.04 da ta fito a Afrilun 2024 tana da tallafin shekara 5. Sai dai abin da ya kamata ya yanke maka hukunci shi ne manhajojin da kake cin abinci da su. Idan da CorelDRAW ko Photoshop kake zanen katunanka, ka sani cewa babu ɗayansu da ake yi wa Linux a yanzu. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, amma koyon su sai an zauna, kuma tsofaffin zanukanka ba lalle ne su buɗe yadda ka ajiye su ba. Haka nan LibreOffice, manhajar rubutu da ake amfani da ita a Linux, tana buɗe takardun Word, amma wani lokaci tsarin shafi yakan goce, kuma ɗalibin da ya kawo kundin kammala karatunsa ba zai karɓi uzurin cewa teburansa sun tsallaka shafi ba. Saboda haka ra'ayina ga irin sana'arka shi ne ka ɗora sabuwar kwamfutar a kan Windows 11, tsohuwar kuma ka sa mata Linux Mint daga baya, ka koya a tsanake.

Wajen saye kuma ka buɗe ido, musamman idan ta hannu ce. Windows 11 tana buƙatar sashen tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, daga zubi na 8 zuwa sama. Lambar ce za ta nuna maka: i5-8500 ta shiga, i5-6500 ba ta shiga ba. Wasu masu sayarwa sukan tilasta Windows 11 a kan injin da bai cancanta ba, ka gan ta tana aiki a shago, alhali Microsoft bai ba da tabbacin ci gaba da sabunta ta ba. Mafi ƙarancin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, da aka ƙayyade gigabait 4 ne, amma mai aikin zane kada ya yarda da ƙasa da 8, idan da hali ma 16, tare da ma'ajiya irin ta SSD. Ka kuma ware kuɗin UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, domin kwamfutar tebur ba ta da batir, kuma ɗauke wuta a tsakiyar sabuntawa yana iya lalata babbar manhajar.

Game da kwashe ayyuka, ka kwafe komai zuwa ma'ajiyar waje, har da salon haruffan da ka tara domin zane, waɗanda mutane suka fi mantawa da su sai katin biki ya fito da wani rubutu daban. Manhajoji ba a kwafe su kamar fayiloli, sake girka su ake yi, don haka ka nemo lasisinsu tun yanzu. Ka duba shafin kamfanin firintarka da sikanarka ka tabbatar suna da direban Windows 11, wato manhajar da ke haɗa su da kwamfuta, sannan ka ƙara allon rubutun Hausa a saitunan harshe domin samun ɓ, ɗ da ƙ. Idan ka shiga da asusun Microsoft, tana yiwuwa a kulle ma'ajiyarka da BitLocker, tsarin kulle bayanai na Windows, saboda haka ka rubuta mabuɗinsa mai lambobi 48 a takarda ka adana. Tsohuwar kwamfutar kuwa kada ka goge ta ko ka sayar sai ka yi kamar wata guda kana aiki da sabuwar, ka tabbatar babu fayil ɗin da ka nema ka rasa.