Amsa ga mai tambaya kan jabil maza biyu da ɗaya ke hawan ɗaya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai na samu natsuwa domin amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce kin saya wa ɗanki jabil biyu, wato kusun nan na Mongoliya da ake kiwo a gida, mai sayarwa ya ce duka maza ne, watansu uku, ga shi kwana huɗu ke nan ɗaya yana ta hawan ɗaya yana bin sa, har kin fara neman keji na biyu. Don girman Allah kada ki raba su tukuna. Shekarata bakwai ina kiwon su a nan Mabera, cikin garin Sakkwato, kuma babu kuskuren da ya fi ci mini rai a kansu kamar wannan rabawar.

Amma kafin komai ki tabbatar da maganar mai sayarwa, don suna ƙanana masu sayarwa kan rikice. Ki sa su ɗaya bayan ɗaya a cikin kwalbar gilashi mai faɗin baki, ki ɗaga ki duba ta ƙasa. Namiji mai wata uku ba ya ɓoyuwa, za ki ga kumburin maraina a gindin wutsiya, kuma tazarar da ke tsakanin gabansa da duburarsa ta fi ta mace nisa sosai. Kada ki ɗaga shi da wutsiya don ki duba. Fatar wutsiyarsu saluɓewa take yi ta bar ƙashi tsirara, kuma ba ta sake tsirowa. In ta tabbata ɗaya mace ce, to zance ya sauya, sai ki fara shirin jarirai, cikinsu kwana 24 zuwa 26 ne kacal.

In kuwa duka maza ne, abin da kike gani rabon girma ne. Duk wadda ta taɓa ɗaure raguna biyu a turke ɗaya kafin babbar Sallah ta ga irinsa, ɗaya ya hau ɗaya, su ɗan gwabza, daga nan kowa ya san matsayinsa a ci gaba da cin harawa tare. Jabil na balaga ne wajen mako 10 zuwa 12, wato naki yanzu suka shiga lokacin. Da suna yara ba ruwansu da waye babba, yanzu kuwa dole a san mai gida. Akwai wani abu kuma da zai taimaka miki ki gane. A tsakiyar cikin kowane jabil akwai wani ɗan wuri mai tsawo marar gashi, launinsa rawaya-rawaya, na namiji ya fi girma. Daga nan wani maiƙo mai wari ke fita, mu ba ma jin sa sosai amma su da shi suke gane juna. Za ki ga suna jan ciki a kan kwali, a kan kwanon abinci, a kan duk abin da suke so a san nasu ne. Idan babban ya hau ƙaramin, cikinsa na gogar bayansa, ya shafa masa warinsa ke nan. Wannan warin na haɗin gwiwa shi ne shaidar cewa 'yan gida ɗaya ne.

A nan ne rabawa ke yin ɓarna. Na fari da na fara kiwo su biyu ne, wa da ƙane ciki ɗaya, yara suka sa musu Jatau da Duna saboda launinsu. Da suka kai kusan wata huɗu Duna ya fara hawan Jatau, yana danne shi yana lasar masa wuya, Jatau na ɗan tsuwa. Tausayi ya kama ni, na ɗauka zalunci ake yi a gabana. Na ɗauke Jatau na sa shi a wani akwati daban da sabuwar shimfiɗa, na ce ya huta kwana uku. Ran na huɗu na mayar da shi. Ban kai ga rufe murfi ba suka dunƙule wuri ɗaya kamar ƙwallo suna birgima, shimfiɗa na tashi sama. Na sa hannu tsirara, Duna ya kafa mini haƙori a yatsa, Jatau kuma ya fito da rauni a gindin wutsiya da kuma ƙarƙashin haɓa. Kwana ukun nan sun isa warin gida ya bar jikin Jatau, ɗan'uwansa ya karɓe shi a matsayin baƙon da ya kutso masa rami. Abin da nake gudu bai faru ba sai da na raba su.

Saboda haka abin da ya kamata ki koya shi ne bambanta rabon girma da faɗa na gaske. Hawa, danniya, lasar dole, ɗan bi na daƙiƙa kaɗan, duk na zaman gida ne. Har da tsayuwar da suke yi a ƙafafun baya suna kai wa juna hannu kamar 'yan dambe, in dai sun gama kowa ya koma haƙarsa, babu komai. Wani lokaci ƙaramin da kansa zai tura kansa ƙarƙashin haɓar babban, ya runtse ido, yana neman a lashe shi, alamar ya sallama ke nan. Buga ƙafar baya da suke yi a ƙasa kamar kiɗan ganga ma ba faɗa ba ne, yawanci sun ji motsin da ya firgita su ne, ko mussa ta gifta.

Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne wurin kwana. Ki leƙa su lokacin da suka yi barci. In kin same su a sheƙa ɗaya, wani kan wani, to ko sau ashirin aka yi hawa a ranar gidan lafiya yake. Ran da kika ga ɗaya ya koma wata kusurwa ya yi tasa sheƙar shi kaɗai, ko ya hau saman kwalbar ruwa ya maƙale ya ƙi saukowa, ranar ce za ki tashi tsaye. Sauran alamun su ne bin da ba ya ƙarewa, wanda ake bi yana tsalle yana neman hanyar fita, hana shi zuwa wurin abinci ko ruwa, gashi a tashe, su tsaya gefe da gefe suna tura juna da kwatangwalo baya a gantsare, sai kuma cizo a gindin wutsiya da cinya. Ki riƙa hura gashin bayansu a hankali kina duba fata, don ƙananan raunuka na ɓuya a cikin gashi. Da zarar kin ga jini ko wannan dunƙulewar, a raba su nan take, a wannan matakin suna iya kashe juna. Ki sa kwali mai kauri a tsakaninsu ko ki kifa wa ɗaya kofi, ko ki naɗe hannunki da tawul.

Za ki iya cewa to me zai hana kowa ya zauna shi kaɗai tun farko a huta. Ba halittarsu ba ce. A ƙasarsu, filayen Mongoliya da arewacin Sin masu ƙarancin ruwan sama, zaman iyali suke yi a rami ɗaya, uwa da uba da 'ya'ya, suna lasar juna suna kwana a cure. Waɗanda ke hannun mutane yau yawancinsu jikokin 'yan kaɗan ne da wani masani, Victor Schwentker, ya shigar Amurka a 1954 don bincike, daga ɗakunan bincike suka shiga gidaje, amma halin zaman tare bai bar su ba. Rayuwarsu shekara uku ce zuwa huɗu, kuma wanda aka bari shi kaɗai za ki ga ya rage haƙa, ya yawaita barci. A abin da na gani, maza biyu sun fi mata biyu daɗewa lafiya, kin yi dace da kika samu maza. Ki bar su su biyu, kada a ƙara na uku. Kuma kada yara su kamo kusun yashi na dajinmu su jefa musu a ce ai kamarsu ɗaya. Dangi ne na nesa amma irinsu daban, faɗa za a yi, ga cuta da ƙuma.

Yawancin hawan da ya rikiɗe ya zama gaba, in aka bi sawu, daga hannunmu yake farawa. Na farko shi ne shara. Mu mata muna son tsabta, sai a kwashe shimfiɗa kaf, a wanke akwati da sabulu mai ƙamshi, a zuba sabuwa. An goge musu warin gida ke nan, dole su sake rabon girma daga farko, shi ya sa hawa ke ƙaruwa bayan kowace shara. Jabil dabbar busasshiyar ƙasa ce, fitsarinta kaɗan ne, ba ta wari kamar kusun gida. Ni sai bayan mako uku ko huɗu nake sauya shimfiɗa, kuma ina barin kusan kashi ɗaya cikin uku na tsohuwar in gauraya da sabuwar, sheƙarsu kuwa ba na taɓa ta in ba ta jiƙe ba. Haka nan hannu. In kin shafa humra ko kin yi turaren wuta, ki wanke hannu kafin ki taɓa su, kuma in an ɗauki ɗaya a ɗauki ɗayan. Ko asibitin dabbobi za a kai guda, a tafi da su biyun a akwati ɗaya da ɗan shimfiɗarsu.

Sai kejin kansa. Irin mai hawa-hawa da bututun roba da ɗakuna daban-daban yana da kyan gani, amma shi ke ba babban damar tsare ƙofa ya ce nan nawa ne. Akwatin gilashi irin na kifi, babba, da murfin waya, ya fi. A zuba shimfiɗa mai zurfin kamu ɗaya ko fiye, takarda da kwali da busasshiyar ciyawa da dusar katako mai kauri marar ƙura, su haƙa ramukansu. Jabil da ya samu abin haƙa da abin gaigaya ba ya samun lokacin takura wa ɗan'uwansa. Duk ɗakin ɓuya da za ki sa ya zama mai ƙofa biyu don kada a rutsa wani a ciki. Abinci kuma na daina sawa a kwano, watsa shi nake yi a cikin shimfiɗa, gero da dawa da ɗan 'ya'yan kabewa, kowa ya tona ya samu, babu kwanon da za a tsare. Gyaɗa kaɗan-kaɗan, tana sa su ƙiba. Ki sa musu kwanon yashi mai tsabta su yi birgima, yana gyara gashi, kuma da yake yashi ɗaya suke shiga warinsu na ƙara haɗuwa.

Ga mu a Sakkwato kuma akwai maganar zafi. Daga Maris zuwa Mayu kin san yadda ake wuce digiri 40, su kuwa sun fi jin daɗi a ashirin da 'yan kai. Na lura nawa sun fi saurin fushi da juna a bazara. Ki ajiye su a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da rana, ki sa musu fallen tayil ko ɓarin tukunyar ƙasa su kwanta a kai, kada kwalbar ruwa ta bushe. In kin ga ɗaya ya baje yana haki haɓarsa a jiƙe, zafi ne ya kama shi, a kai shi wuri mai sanyi a nemi likitan dabbobi da gaggawa.

In ƙaddara ta sa sun yi faɗan jini, akwai hanyar da na bi da Jatau da Duna. Bayan raunin ya warke, na raba akwati ɗaya gida biyu da waya mai ƙananan ido, ninki biyu don kada su ciji yatsun juna, an ɗaure ta sosai babu ta inda za a kutsa ta ƙasa ko ta sama. Kowa da ruwansa da abincinsa, babu kayan wasa. Sau uku a rana nake musanya musu gefe, kowa ya kwana a sheƙar ɗan'uwansa. Kwanakin farko cizon waya suke yi. A mako na biyu na ga sun fara kwanciya jikin wayar, wannan ta nan wancan ta can. Sai da na ga haka kwana uku a jere na cire wayar da safe, ranar da ba ni da fita, na zauna a gabansu da tawul a hannu har la'asar. Abin da ya fara faruwa shi ne Duna ya hau Jatau, ya danne shi ya lashe masa wuya. Wannan karon na bar su. Da magariba suna sheƙa ɗaya, kuma sun ƙara fiye da shekara biyu tare. Amma in faɗa miki gaskiya, ba kullum ake dacewa ba. Na sake gwadawa da wasu manyan maza biyu, sau biyu ana komawa faɗa, na haƙura. Wanda ya rage shi kaɗai na haɗa shi da ɗan jabil namiji mai mako shida ta wannan hanyar ta waya, ya karɓe shi cikin 'yan kwanaki, don babban namiji ya fi saurin karɓar yaron da bai balaga ba.

Wani abu da za ki sa a rai don gaba: girman ba ya zama a hannu ɗaya har abada. Idan babban ya tsufa ko ya yi ciwo, ƙaramin kan fara hawan sa. In kin ga an juya haka kwatsam bayan shekara biyu, ki duba lafiyar babban, musamman wurin warin nan na ciki, don tsofaffin maza kan yi ƙari a wurin.

Yau dai ki duba jinsinsu a kwalba, ki hura gashin bayansu ki ga ko da rauni, sannan ki leƙa inda suke kwana. Ki gaya wa yaron kada ya fitar da ɗaya ya bar ɗaya. In da hali ki ɗauko mana bidiyon hawan na minti ɗaya ki turo, zan duba in gaya miki abin da na gani. Allah ya raya mana yaron, ya sa albarka a kiwon.