Hukuncin Biyan Kuɗi Don Shafin Sana'a Ya Hau Sama a Google

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina sana'ar humra da turaren wuta a Maiduguri, kuma na buɗe ƙaramin shafi a intanet, amma in aka nema a Google ba ya fitowa. Wani matashi ya ce in biya shi, cikin wata biyu zai kai ni sahun farko. Zai gyara shafin, ya rubuta min yabo da sunayen mutane daban-daban, ya sayi mahaɗai (wato links, rubutun da ake latsawa ya kai mutum shafina) daga wasu shafuka, ya kuma nuna ina da reshe a Abuja alhali ba ni da shi. Ya halatta?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. 'Yar'uwa, abin da yaron nan ya kawo miki ba abu ɗaya ba ne, halal da haram ya cuɗa a ƙwarya ɗaya, sai mun tsince su.

Neman a san da hajarki halal ne. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 275, ya halatta ciniki ya haramta riba, kuma asalin mu'amala halacci ne har sai dalili ya hana. Mai kafa rumfa a bakin hanya maimakon lungu bai yi laifi ba, haka ma mai gyara shafinsa don mai nema ya same shi. Saboda haka ki yi rajistar sana'arki a Google Business Profile, wato inda Google ke nuna bayanan sana'a ga masu nema, kyauta ne, da suna da adireshi da lambar waya na gaskiya, iri ɗaya a duk inda kika rubuta su. Kowane kaya ki ba shi nasa shafin, takensa na ɗauke da kalmar da mutane ke bugawa da yatsunsu, kamar "humra a Maiduguri". Ki tuna yawancin masu waya "kamshi" suke rubutawa ba "ƙamshi" ba. Hotuna su zama naki kuma marasa nauyi, don mai ƙaramar waya da data kaɗan ba zai jira ba. Ki faɗi farashi, da girman kwalba, da abin da aka haɗa, da kwanakin da saƙo ke yi a hanya. Wannan bayyana gaskiyar kaya ma ba halal kaɗai ba ne, yana jawo albarka. A hadisin Hakim ɗan Hizam da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ce idan mai saye da mai sayarwa suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa musu albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, za a shafe albarkar. Biyan wanda ya iya wannan aikin ijara ce (wato ɗaukar mutum aiki a kan lada) ingantacciya. Tallan da ake biyan Google kai tsaye ma ya halatta, tunda ana sa masa alamar cewa talla ne.

Yabon ƙarya kuwa haramun ne, ba na shakka a kai, kuma nan nake so ki tsaya da ni. Matar da ke Kaduna ba za ta iya shinshina humrarki ta waya ba. Abin da take da shi kawai shi ne maganar waɗanda suka riga ta saya. Idan ta ga mutum talatin sun ba da taurari biyar suna cewa ƙamshin na kwana a jiki, a kan shaidarsu take fitar da kuɗinta. To, in mutum talatin ɗin nan yaro ɗaya ne a ɗakinsa, wanda bai taɓa buɗe kwalbarki ba, me za mu kira wannan in ba shaidar zur ba? Allah ya ce a Suratul Hajji, aya ta 30, mu nisanci maganar zur.

Malaman fiƙihu sun san irin wannan tun da daɗewa, sunansa najashi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi (SAW) ya hana shi. Imamu Malik ya fassara shi a Muwaɗɗa da cewa ka taya kaya sama da kuɗinsa ba da nufin saye ba, don wani ya yi koyi da kai. Illar ita ce nuna sha'awar da babu ita don a ja wani. Duk wanda ya taɓa shiga mota a tasha ya tarar ta kusa cika, sannan ya ga "fasinjojin" suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ya san zafin abin a zuciyarsa. Yabon boge shi ne wannan zaman motar, sai dai shi ba ya tashi, yana nan dare da rana yana jan mutane.

Na san za ki ce kayanki na da kyau, yabon bai wuce gaskiya ba. Ko da haka ne, ƙaryar tana cikin "na saya, na gwada". Annabi (SAW) ya ce mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufafin zur biyu ne. Har waɗanda ba sa karanta hadisi sun gane cutar: a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa dokar hana saye da sayar da irin wannan yabo. Hanyar halal a buɗe take, ki roƙi waɗanda suka saya da gaske su rubuta abin da suka gani, ba tare da kin ba su wani abu don su yabe ki ba. Wanda ya kushe da gaskiya ki amsa masa da ladabi ki gyara. Tura mutane su ɓata abokiyar sana'arki kuwa ƙarya ce da zalunci a haɗe.

Reshen Abuja ƙarya ce tsagwaronta. In kina aika kaya can, ki rubuta kina aikawa.

Batun mahaɗai yana buƙatar bayani kaɗan. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, tsarinsu yana ɗaukar mahaɗin da wani shafi ya yi zuwa naki kamar shaida ce ya ba ki. Idan wani shafi ya ambace ki don ya ga amfaninki, madalla. Idan kin biya aka sa ki aka bayyana cewa talla ne, babu laifi, Google ma ya tanadi alamar hakan. Amma sayen ɗaruruwan mahaɗai a ɓoye don su yi kama da shaida, abin da ya fi rinjaye a wurina hani ne, saboda yaudara ce da ke ƙarewa a kan mai nema, kuma saɓa sharaɗin masu dandalin ne, alhali Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Ga kuma hasara. A 2006 Google ya cire shafin BMW na Jamus daga sakamakonsa saboda dabarun yaudara, a 2011 ya jefa kamfanin J.C. Penney baya saboda mahaɗan boge. Su suna da ƙarfin farfaɗowa, ke jarinki ba zai ɗauka ba.

Saura yarjejeniyar kanta. Alƙawarin "sahun farko cikin wata biyu" sayar da abin da ba ya hannunsa ne, Google da kansa ya ce babu mai iya lamunce wa wani matsayi na ɗaya. Ibnu Abi Zaid ya ambata a Risala cewa ijara tana halatta idan an yanka lokaci an ambaci lada, ji'ala kuwa, wato sa lada a kan sakamako, ba a yanka mata lokaci, kuma mai aikin ba shi da komai sai ya kammala. Don haka ko dai ku ƙulla a kan ayyuka sanannu, shafi kaza, hoto kaza, wata kaza, kuɗi kaza, ko kuma a kan sakamako, ba wa'adi, ba kuma sharaɗin biya kafin a gani. Makullan shiga shafin da na rajistar su kasance a hannunki.

Idan har ya riga ya sa yabon, ki sa a goge, ki tuba. Wadda ta saya saboda shi ta dawo tana son kuɗinta, ki karɓi kayan ki mayar mata, domin a mazhabarmu ta Malikiyya mai saye yana da zaɓin mayarwa matuƙar mai kaya ya san da najashin. Yaron kuma kada ki kore shi kafin ki yi masa nasiha, wataƙila haka aka koya masa. In ya yarda da sashen halal ku ci gaba, in ya ƙi ki nemi wani.

Wallahu a'alam.