Rautarmu na faɗuwa tana tashi tun da na sauya saiti

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da wata ƙaramar na'ura mai manhajar pfSense wadda ke aikin rauta (mai haɗa kwamfutocinmu da intanet) da katangar tsaro a ofishinmu. Ta fi shekara ba ta ba ni ciwon kai ba. Makonni biyu da suka wuce na raba hanyar sadarwarmu gida uku da VLAN, wato rabawa ta saiti ba ta wayoyi daban ba, na kuma taƙaita gudun intanet ga baƙi. Tun ranar sai ta riƙa faɗuwa tana tashi da kanta, wani lokaci sau biyu a yini, wani lokaci ta kwana uku lafiya lau. In ta dawo sai ta nuna cewa kanel ya yi "panic". Na'urar ce ta lalace, ko saitina ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ina ganin allura ce ta tono garma. Kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urar, kuma da gangan yake tsayar da komai idan ya ci karo da abin da ci gaba a kansa zai yi ɓarna, kamar a tura shi wani gurbi na ma'adanar RAM da babu shi. Kuskuren saiti kaɗai iyakarsa ya yanke maka intanet, bai isa ya kayar da kanel ba. Saitinka dai ya bi da na'urar ta wata hanya da ba ta taɓa bi ba, can kuma akwai aibi kwance, ko a direban katin sadarwa, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa katin, ko a jikin na'urar.

Ga abin da mutane ke mancewa: kafin ka raba gida uku, kwamfutocin ofis suna magana da juna ta suwic, akwatin da wayoyinsu ke haɗuwa a cikinsa, rauta ba ta ma sani ba. Yanzu duk abin da zai tsallaka daga wannan VLAN zuwa wancan sai ya ratsa ta cikinta. Nauyin da ke kanta ya ƙaru ke nan ba ka ankara ba.

Kada ka taɓa komai tukuna, fara tara shaida. pfSense a kan babbar manhajar FreeBSD aka gina shi, yana ajiye rahoton faɗuwa a /var/crash, yana kuma nuna sanarwarsa a shafin farko. Ka kwafi rahoto biyu ko uku ka jera su. Layin "Fatal trap 12: page fault while in kernel mode" ba ya gaya maka da yawa, kusan kowa shi yake gani. Bakin zaren yana ƙasa da shi, a jerin ayyukan da kanel ke ciki lokacin da ya faɗi. In sunaye iri ɗaya suke maimaituwa a kowane rahoto, manhaja ce, kuma sunan zai nuna maka mai laifi: wanda ya fara da re katin Realtek ne, igb ko em na Intel ne, dummynet shi ne mai taƙaita gudun da ka kunna, netmap kuwa sai in kana tace bayanai da manhajar tsaro ta Suricata a tsarinta na inline, wato bayanan na ratsawa ta cikinta. In kuma kowane rahoto da nasa labarin daban, yau nan gobe can, to zargina ya koma kan RAM, zafi, ko adaftar wuta da ta gaji. Ka bar Memtest86+ ya kwana yana gwada RAM ɗin.

Wata faɗuwar ba ta barin rahoto, musamman idan ba a ware wa na'urar swap a faifai ba, wato gurbin da kanel ke zuba rahoton idan ya faɗi. Nan sai ka jona laftaf ta kafar siriyal a gudun 115200, ka bar shi yana naɗar duk abin da ya fito.

Da labarinka, katin sadarwa na fi zargi. Katunan nan suna karɓar wasu ayyuka daga hannun kanel don su rage masa nauyi, a nan ne direbobi marasa ƙwari ke tuntuɓe, balle an haɗa da alamar VLAN. Ka shiga System, Advanced, Networking, ka kashe lissafin checksum (na tabbatar da ingancin bayanai) da kati ke yi, ka tabbata TSO da LRO, wasu biyu daga cikin ayyukan nan, ma a kashe suke, ka sake kunna na'urar. In katin Realtek ne, ni kam ba na ɓata lokaci da shi a kan FreeBSD, na Intel nake sawa. Ka leƙa sakamakon umarnin netstat -m kuma, ko akwai buƙatun da aka ƙi biya saboda ƙarewar wurin ajiyar fakiti, wato ƙunshin bayanan da ke wucewa.

Idan bai daina ba, pfSense na riƙe da tsofaffin saituna a Config History. Ka koma na kafin matsalar, ka dawo da VLAN kaɗai, taƙaita gudun ya jira. Sauyi ɗaya a lokaci ɗaya, ka rubuta ranarsa. Nan ne haƙuri ke ƙarewa: tunda takan kwana uku lafiya da kanta, shirun kwana biyu ba shaidar warkewa ba ce, sai ka ba kowane gwaji aƙalla mako guda. In kana son gajarta jiran, ka sa kwamfutoci biyu a VLAN daban-daban su yi ta turo wa juna bayanai masu yawa da manhajar gwajin gudu ta iperf3 bayan an tashi aiki. Ranar da ka iya kayar da ita da hannunka, gwajin mako ya koma na minti ashirin.

Sabunta manhajar zuwa sabon fitowa yana da kyau, wataƙila ma an riga an gyara aibin, amma ka yi shi bayan ka adana rahotannin da kwafin saitinka a wajen na'urar. In ka samu rahoto biyun nan, ka turo min jerin ayyukan da ke ƙarƙashin layin panic ɗin, da sunan katin sadarwar.