Ku Tambayi Injiniya: Aikin Babban Injiniyan Gine-gine da Zamansa a Gida

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne a fannin injiniyan gine-gine. Wane aiki babban injiniya yake yi wanda ƙarami ba ya yi? Kuma shekara nawa ake ɗauka kafin a kai can?

Amsa: Ɗana, bayan digiri na shekara 4 ko 5, sai ka yi wasu shekaru ƙarƙashin injiniya mai rajista kafin a ba ka lasisi. A lokacin nan lissafi ne abincinka: nauyin da dakin (wato rufin kankare) zai ɗauka, kaurin rodi, girman ginshiƙi, faɗin harsashi gwargwadon ƙarfin ƙasa. In ka girma, lissafin yakan koma hannun yara da kwamfuta, kai kuma a bar ka da dubawa da sa hannu. Sa hannun shi ne aikin, don ran da gini ya faɗi sunanka za a nema.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne canjin da ake kawowa bayan an gama zane. A 1981, a otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City a Amurka, gadojin tafiya biyu da aka rataye a cikin zaure suka rufto, mutum 114 suka rasu. A zanen farko, sandar ƙarfe guda ce za ta ratsa gadar sama ta riƙe ta ƙasa. Don sauƙin haɗawa aka raba ta biyu, aka rataye gadar ƙasa a jikin ta sama, nauyin da ke kan mahaɗar ya ninka. An amince da canjin ba tare da sake lissafi yadda ya kamata ba, injiniyoyin kuma suka rasa lasisinsu. Saboda haka in ɗan kwangila ya ce rodi mai milimita 16 ya ƙare, a sa mai 12 tun da yawansu ɗaya, kada ka yarda a tsaye. Mai 12 da kyar ya wuce rabin ƙarfen mai 16.

Tambaya: Injiniya, maigidana babban injiniya ne. Ranar zuba kankare sai tsakar dare yake shigowa, wayarsa kuma ba ta hutawa. Haka aikin yake, ko ya ɗora wa kansa ne?

Amsa: Uwargida, ranar zubi kam ki yi masa uzuri. Kafin a fara, sai ya duba ɗaurin rodi da tazararsa, ya tabbatar an ɗaga shi daga katakon da za a zuba kankaren a kai da kamar milimita 25 don kada tsatsa ta ci shi, ya hana leburori ƙara ruwa a kwaɓi. In an fara kuwa ba a tsayawa. Kankaren da ya soma daskarewa ba ya haɗuwa sosai da sabo, wurin nan ne zai riƙa yoyo. Daga nan sai ban ruwa na aƙalla kwana 7, da gwajin samfur a kwana 7 da na 28.

Amma zubi ba kullum ake yi ba, kuma ana sanin ranarsa tun da wuri. Ki nemi ya riƙa gaya miki. Wayar da ba ta hutawa kuwa, galibi alama ce ta bai horar da mataimaki ba. Ya ware abin da dole sai shi, kamar tsagewar ginshiƙi, canjin zane ko cire tokara, sauran ya bar wa injiniyan da ke wurin aiki.