Maganin da ake bari cikin kai bayan tiyata

Tambaya: Likita, da gaske ne akwai maganin da ake dasawa a ƙwaƙwalwa ya narke da kansa?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Sunansa Gliadel, Amurka ta amince da shi a 1996. Ɗan faifai ne kamar kwabo, kowanne ɗauke da miligiram 7.7 na maganin ciwon daji (kansa) mai suna carmustine. Idan aka yi tiyata aka cire ƙarin ciwon daji daga ƙwaƙwalwa, sai a jera har guda takwas a gurbin. Danshin jiki ne ke cinye faifan a hankali, yawancinsa cikin mako uku, maganin yana tsatsafowa daidai inda ragowar cutar take. Babu sake buɗe kai don cirewa.

Sai dai maganin dafi ne ga ƙwayoyin jiki, shi ya sa yakan jinkirta warkewar ɗinki, ya kawo kumburin ƙwaƙwalwa ko farfaɗiya. Idan ruwa ya fara ɗiga daga ɗinkin, a koma asibiti a ranar.