Wasa 12, nasara 2: za mu koma rukunin 'yan dagaji?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a wata jami'a a tsakiyar Amurka, shekarata ta farko. Abokin ɗakina ya koya min kallon ƙwallon zari-ruga irin na Amurka, har na cire dalolina na sayi tikitin kaka sukutum. Wasa 12 makarantarmu ta buga, 2 kacal ta ci. A wasan ƙarshe, tun kafin hutun rabin lokaci fili ya watse, sai mu 'yan tsiraru da 'yan badujala muna rawar ɗari. Yanzu kowa cewa yake a kori koci. Shin za a mayar da mu rukunin 'yan dagaji kamar yadda ake yi a Firimiyar Ingila? Kuma in sake sayen tikiti baɗi? Daga Mai Tikitin Asara.

AMSA: Ƙanena, sannu da sanyi. Na san irin zaman nan: benci na ƙarfe a watan Nuwamba, yatsu sun ƙage, kana kallon allo kana lissafin makin da ya riga ya fi ƙarfin lissafi.

Kwantar da hankalinka, ba inda za ku faɗa. A wasannin jami'o'in Amurka da hukumar NCAA ke kula da su, rashin nasara ba ya sauke ƙungiya daga rukuninta. Abin da kuka rasa a bana shi ne wasan ƙarshen kaka da suke kira bowl, wanda a bisa al'ada sai an ci wasa 6 ake shiga.

Ciwon yana wani wuri daban. A gasar ƙwararru ta NFL, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓen sabbin 'yan wasa, wato ana ɗaga wanda ya faɗi. A jami'a babu wannan tausayi. Yaron sakandare shi ke zaɓen inda zai je, kuma ba kowa ke son sa hannu a gidan da ake kuka ba. Tun 2018 aka buɗe kafar sauya sheƙa ta 'yan wasa daga wata makaranta zuwa wata, tun Yulin 2021 kuma 'yan wasa ke iya karɓar kuɗin talla da sunayensu. Don haka da zarar kaka ta ƙare, manyan makarantu kan zo su tsince 'yan ƙwararrun da kuke da su. Nan za ka sa ido. Idan mai jefa ƙwallonku da ƙartin nan biyar da ke tare masa gaba suka zauna, akwai sauran magana. Idan suka tattara komatsansu, baɗi ma sai haƙuri.

Batun korar koci kuwa, faɗa da baki babu wuya. A Nuwamban 2023 jami'ar Texas A&M ta sallami Jimbo Fisher, aka bar ta da bashin sama da dala miliyan 75 na kwantiraginsa. Abin dariyar, ya ci wasa 6 a kakar, kuma washegarin wata gagarumar nasara aka kore shi. Ni dai ba na goyon bayan korar mutumin da bai kai shekara uku ba, don yawancin yaran da yake juyawa gadonsu ya yi. Koma ka duba wasanni 10 da kuka sha kashi. Nawa ne aka fi ku da maki 7 ko ƙasa da haka? In sun kai huɗu ko biyar, ƙungiyar tana numfashi. In kuwa kowace Asabar tazarar 30 ce, to abokanka suna da gaskiya.

Kuma ba ku kuka fi kowa shan wuya ba. Prairie View A&M ta yi rashin nasara sau 80 a jere, daga 1989 zuwa 1998. Jami'ar Northwestern ta jera 34 tsakanin 1979 da 1982. Ranar da suka kafa tarihin rashin nasara a 1981, ɗalibai suka tumɓuke ƙarfen raga suna ihun cewa su ne mafiya lalacewa, suka kai shi tafkin Michigan suka jefa. A kakar 1995 wannan makarantar ta lashe gasar Big Ten, ta je babban wasan ƙarshen kaka na Rose Bowl. Jami'ar Central Florida (UCF) ma ba ta ci ko wasa ɗaya ba cikin 12 a 2015, amma a 2017 ta ci duka 13. Sai dai kocin da ya yi aikin, Scott Frost, a ƙarshen kakar ya koma jami'ar Nebraska.

Tikiti fa? Kada ka yi gaggawa. Jira ka ga wa ya tafi, wa ya zauna, sannan ka je wasan gwaji da suke yi a bazara, wanda galibi kyauta ne ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In ka yanke shawarar saya, ka haɗa da safar hannu mai kauri da ɗan matashin ɗorawa a kan bencin nan.